Jami'a da Ƙaramar Hukuma: Ina Aikin Yake Tsayawa?



Alaƙar jami'a da ƙaramar hukuma ba baƙuwa ba ce a Arewa. Makarantar Kongo ta Zariya ta fara ne a 1947 da horar da akawuna, daga baya ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Bayan gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, jami'o'i uku aka ɗora wa horar da ma'aikatansu: Zariya, Ife da Nsukka. Ke nan tushe akwai shi.

To me ya sa yau yawancin yarjejeniyoyinmu da ƙananan hukumomi ba sa wuce ranar sa hannu? A yi jawabi, a ɗauki hoto, a sha lemo, takarda ta shige durowa. Dalili na farko shi ne da ciyaman ake ƙulla maganar, shi kuwa ciyaman mai wa'adi ne, wani lokacin ma kantoman riƙo ne da bai san ko zai ga damina mai zuwa ba. Waɗanda ke dawwama a sakatariya su ne ma'aji da shugabannin sashen gona, lafiya da ayyuka. Da su ya kamata a zauna.

Sannan a rage buri. Maimakon "bunƙasa karkara", a ɗauki aiki ɗaya da ido zai gani. Ɗaliban sashen nazarin ƙasa su bi mazaɓa-mazaɓa su ƙirga rijiyoyin burtsatse: wacce ke ba da ruwa, wacce famfonta ya karye, wacce tun ranar buɗe ta ba ta ɗiga ba. Ko ɗaliban akanta su ƙirga rumfunan kasuwar mako, su gwada da rasit ɗin da mai karɓar haraji ke kawowa. Na san wannan ba zai yi wa kowa daɗi ba.

Mu ma malaman jami'a da namu laifin. Ƙarin girmanmu ya rataya ne a kan maƙalun Turanci a mujallun da babu kansilan da zai taɓa gani, kundayen ɗalibai kuwa suna shan ƙura a kan kanta. Ya kamata majalisar dattawan jami'a ta riƙa lissafa aikin da malami ya yi wa al'umma, kuma kowane bincike ya fito da taƙaitawar shafi biyu da Hausa, a karanta gaban hakimi da dagatai da kansiloli.

Saura kuɗi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwar tana tafiyar hawainiya. Roƙona ga ciyamomi: ku ware kuɗin motar ɗalibai da abincinsu a kasafin baɗi, mu kuma mu kawo muku rahoto kafin shekarar karatu ta ƙare.