Inna ta iya lissafi, kwamfuta ce ba ta san dala ba

An ce in yi magana kan yadda za a yi amfani da kwamfuta a koya wa matan karkara bunƙasa ƙananan sana'o'insu. Ni ɗan Ibohamane ne, cikin gundumar Keita, jihar Tawa, don haka da matan can zan yi misali, su na sani.

Bari in fara da tuna muku wani abu, don na gaji da jin ana cewa a je a wayar wa matan ƙauye kai, kamar barci aka tarar suna yi. A 1984, bayan fari da yunwa, aka fara porjen Keita da kuɗin ƙasar Italiya, tare da FAO da PAM. Lokacin maza da yawa sun tafi biɗa, wasu Abijan, wasu Nijeriya. Wa ya ɗauki duwatsu a ka aka tare zaizayar ƙasa a tuddan Adar? Wa ya haƙa ramuka ya dasa itatuwa? Mafi yawansu mata ne, ana biyansu da abinci. Sannan a 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara: mata su haɗa kuɗi kowane mako cikin akwati, su ba juna rance, ƙarshen shekara su raba riba. Da yawansu ba su taɓa riƙe alƙalami ba, a ka suke riƙe wa ya zuba, wa ya ranta, wa bai biya ba. Yau ana kwaikwayon tsarin nan a ƙasashe da dama na duniya, kuma daga Nijar ya fita. To waɗannan su ne ɗaliban da muke magana a kansu.

Wata shekara na koma gida hutu, na tarar wani porje, ba sai na faɗi sunansa ba, ya kawo kwamfutoci an jera a wani ɗaki. An yi horo na 'yan kwanaki, da Faransanci, wani yaro na fassarawa. An koya wa mata yadda ake kunnawa da kashewa, da yadda ake riƙe linzami. An ɗauki hoto, an raba kuɗin zama, mota ta tafi. Da na dawo shekara ta gaba batirin sola ya mutu, ɗakin na kulle, makulli na hannun wani wanda shi ma ya tafi cin rani. Ƙanwar mahaifiyata, wadda nake kira Inna, tana cikin waɗanda aka horar. Na ce, Inna me kika koya? Ta ce, "Ɗana, na koyi cewa abin yana tsoron ƙura."

Inna gabu take yi. Ga waɗanda suka tashi a Yamai ba su sani ba, ganyen albasa ne ake dakawa a dunƙula a shanya, a sa a miya. Yankinmu da Madawa da Galmi ƙasar albasa ce, ganye ba ya yankewa a lokacinsa. Sai na ce bari ni in gwada, da wayata. Na buɗe mata wata manhajar lissafin ciniki, na ce ta faɗa mini nawa ta sayi ganye. Ta ce ɗari. Na rubuta 100. Nawa ta sayar? Ta ce jika guda. Na rubuta 1000. Waya ta ce ribarta 900. Na faɗa mata, ta yi dariya har da tafi, ta ce ko ni ko wayar akwai wanda bai iya lissafi ba.

Kun gane inda matsalar take? Inna da dala take ƙirga. Dala ɗaya faran biyar ne. Ɗarinta faran 500 ne, ba 100 ba. Jika kuwa faran 1000, wato dala ɗari biyu. Ribarta 500 ce, kafin ma a cire kuɗin mota zuwa kasuwa da na yarinyar da ke taya ta daka. Ni da na yi boko na san wannan sarai, a kasuwa da dala nake ciniki, amma da na riƙe waya sai kaina ya koma Faransanci. Yanzu ku ɗauka ita kaɗai ce da wayar, saƙo ya shigo an rubuta 5000, ita a bakinta wannan kuɗin dala dubu ne. Duk manhajar da ba ta san wannan ba, wallahi rikita ta za ta yi, kuma mai wayo a kasuwa zai cuce ta da ita.

Ba ina cewa na'ura ba ta da amfani ba ne. An gwada a ƙasar nan an gani. Wata mai bincike daga jami'ar Tufts ta Amurka, Jenny Aker, ta bi wani shirin yaƙi da jahilci da ƙungiyar CRS ta gudanar a jihohin Doso da Damagaram daga 2009. A wasu ƙauyuka an ƙara koya wa manya amfani da salula, irin ƙaramar nan mai maɓalli. Waɗanda aka koya wa sun fi sauran cin jarrabawar rubutu da lissafi, don sun samu abin da za su riƙa yi da karatun kullum: neman sunan ɗa a waya, karanta lamba, tura saƙo. A nan jiharmu ta Tawa ma, lokacin matsalar abinci ta 2010, ƙungiyar Concern ta raba wa mata tallafin kuɗi, wasu hannu da hannu, wasu ta waya da tsarin Zap. Gidajen da suka karɓa ta waya an ga abincinsu ya fi bambanta, yara sun fi ci. Matan ba su ɓata yini a hanya da layi ba, kuma kuɗin ya shigo hannunsu a asirce.

Ku lura, duka biyun ba ɗakin kwamfuta aka gina ba. Abin da zai shiga ƙullin zane aka yi aiki da shi.

Shi ma yana da nasa ƙalubale, kar mu ruɗi kanmu. A gidaje da yawa wayar ta maigida ce, in ya tafi da ita shi ke nan. Caji sai an biya. Rezo yana zuwa yana ɗaukewa. Wasu mazan na ganin mace da waya fitina ce, wannan kuwa ba horo ke gyara shi ba, sai an zauna da su da limamai da masu gari. Ga 'yan damfara masu kira su ce kin ci kyauta, turo lambar sirri. Kuma a Ibohamane ba Hausa kaɗai ake ji ba, akwai masu Buzanci, darasin da ba a yi da harshensu ba ya bar su a baya.

To mu da muke nan, da wayoyi manya-manya muna ta rigima a Facebook, me za mu iya? Ni ga abin da na yi da hutun da ya wuce. Na ɗauki darussa da murya, kowane minti uku, da Adaranci irin na gida: yadda za ki ware jari daga kuɗin cefane, yadda za ki sa wa wahalarki farashi, yadda za ki mayar da lambar da ke kan waya zuwa dala, abin da za ki ce wa mai neman lambar sirrinki. Na zuba a katin waya na ba shugabar asusunsu Inna, suna saurare ranar zubi. Kwamfutar tana nan Yamai wurina, da ita nake gyara sautin, can kuwa ƙaramar waya ɗaya ta ishe su.

Sun riga sun aiko mini da gyara. Sun ce darasin bashi bai yi ba, don na ce kar a ba da bashi sai da shaida, alhali masu cin bashin duk dangi ne da surukai. Har yanzu ban samo amsar da zan ba su ba. In akwai wanda uwarsa ko gwaggonsa ta san yadda ake karɓo bashi daga suruki ba tare da zumunci ya lalace ba, don Allah ya same ni bayan taro, da wayata zan ɗauki muryarta.