GAYYAR ALƘALAMI: Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiya



Abin da ya tsayar da ni gabanku shi ne halin da yaranmu ke shiga idan karatu ya kai ga rubuta kundin bincike. Yaro zai yi shekara uku a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo da ke Ɗambatta, ko shekara huɗu a Jami'ar Bayero, ya ci jarrabawarsa, amma da an ce ya rubuta babi biyar sai ya cije. Wasu kan kai kuɗi shago a rubuta musu, su fito da takarda hannu, kai kuwa babu komai. Na ga malamin da ya yi aiki a ƙarƙashina ya shekara biyu yana jan babi na biyu, don kawai kunyar nuna wa wani. Kullum shi kaɗai, cikin dare, da fitila.

Mu kuwa manoma ne. Wanda ciyawa ta ci ƙarfin gonarsa gayya yake kira. Haka almajiran zaure, bayan malam ya tashi sukan zauna muɗala'a, wannan ya karanta, wancan ya gyara. To, me ya hana rubutu?

Magabata ba su kaɗai suka yi ba. A farkon shekarun 1940, Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suna zaman tattaunawa a Bauchi, kowa ya kawo hujjarsa a tankaɗe ta. Jiki Magayi, da muka karanta a kwalejin horon malamai, mutum biyu suka rubuta shi, John Tafida da Rupert East. A nan Kano ma, ƙungiyar Raina Kama, wadda su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu ke ciki, ta fito da littattafai masu yawa a lokacin da kamfanonin ɗab'i suka juya wa sababbin marubuta baya.

Irin wannan zama ba ya bukatar kuɗi. Mutum biyar ko shida sun isa. In sun wuce haka hira ce za ta cinye lokacin. Kowa ya zo da shafi biyu ko uku da ya rubuta da kansa, ya karanta a bayyane. Kunne na kama kuskuren da ido ya tsallake, wannan na sha gani a aji shekara talatin. Mai gyara ya faɗi inda bai gane ba, kada ya karɓi alƙalami ya rubuta wa ɗan'uwansa, don daga nan an koma gidan jiya. Wanda aka yi wa gyara kuma ya haɗiye fushi; ni kaina ranar farko da wani ƙaramin malami ya ce jimlata ba ta da kai, sai da na kwana ban yi barci ba, kuma shi ke da gaskiya.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya su nema mana aji ɗaya a makarantar firamare, duk Asabar da hantsi. 'Yan mata da matan aure masu karatu a ware musu nasu zaman, malama ta jagorance su. Mu tsofaffin malamai uku mun yarda mu riƙa zuwa ba ko sisi. Mai so ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.