Bayan An Yi Aiki: Yadda Ake Gane Dawowar Ciwon Daji Na Mama
(Jawabin da aka yi wa mata da magidanta a taron ƙungiya)

 

Sau da yawa a nan Inkil, idan aka yi wa mace aikin ciwon daji na mama ta samu sauƙi, sai a yi barka, a jefa katin asibiti ƙarƙashin katifa. To, jama'a, nan ne kuskuren. Ko da an tari ciwon da wuri, yakan iya dawowa, wani ma bayan shekara 10.

Yaya ake gane shi? Da farko, ke da kanki. Duk wata ki shafa wurin tabon, da hammata, da gindin wuya, da ɗaya maman. In kin ji ƙullutu ko kin ga fata ta canja, kada ki jira ranar da aka rubuta miki.

Na biyu, hannun likita. Ka'ida ita ce a duba ki duk wata 3 zuwa 6 a shekaru 3 na farko, sannan duk wata 6 zuwa 12 har shekara ta 5, daga nan sau ɗaya a shekara. Hoton mama, wato mamogiram, shi ma duk shekara.

Na uku, alamun da ke nesa da mama: ciwon baya ko ƙashi da ya ƙi tafiya, tari ko haki, idanu su yi rawaya, ciwon kai mai naci, rama ba dalili. Kada a ce sanyi ne ko shawara a tsaya jiƙo. A tafi Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da katin, a faɗi aikin da aka taɓa yi. Sai an ɗebi ɗan nama an gwada ake tabbatarwa.

Wata za ta ce, me ya sa ba a ɗaukar hoton jikina duka? A 1994 bincike biyu a Italiya sun nuna cewa yawan hotuna da gwajin jini ga wadda ba ta da wata alama bai ƙara tsawon rai ba. Saboda haka ba rowa likita ya yi miki ba.

Mai shan Tamoxifen kada ta bari don ta ji garau. In ta ga jini ba na al'ada ba, ta sanar da likita.

Ku kuma magidanta, kuɗin Keke zuwa cikin gari ya fi sauƙi a kan jinyar da aka makara. Ku riƙe ranar, ku raka su.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalam.