Jawabi A Kan Ƙwayoyin Cuta Masu Gagarar Magani A Asibiti



A watannin Nuwamba da Disamba na shekarar 2019, jarirai 17 suka kamu da wata ƙwayar cuta mai suna Klebsiella a asibitin Tembisa, kusa da Johannesburg a Afirka ta Kudu, 10 daga cikinsu suka rasu. Ɗakin nan na jarirai 44 ne, amma sau da yawa akan kwantar da kusan 90. Babban abin tashin hankali kuwa shi ne, har magungunan da likitoci ke ajiyewa sai sauran sun kasa, ƙwayar ta gagare su.

Ga yadda abin yake faruwa. In aka sha magani ba bisa ƙa'ida ba, sai raunanan ƙwayoyi su mutu, masu tauri su tsira, su hayayyafa. Fleming, Baturen da ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun 1945. Asibiti kuwa nan ne matattarar raunana, ga miki a buɗe, ga robar fitsari, ga cunkoso. Hannu ɗaya da ba a wanke ba ya isa ya kai cutar daga gado zuwa gado.

Kada a ce abin na nesa ne. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma in an duba yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna.

To, mai neman abinci a Sabon Ibadan ko Agege, wanda kan sayi kafso biyu a tasha don mura, ya sani kafso ba ya maganin mura. Ƙwayoyin jikinsa kawai yake horarwa, ran da ya kwanta asibiti kuma da su zai shiga.

Saboda haka kada a sha irin wannan magani sai likita ya rubuta, a kuma sha yadda ya ce. Mai zuwa dubiya ya wanke hannu da sabulu, shiga da fita. Hukuma kuma wajibinta ne ta wadata asibitoci da ruwa, da gadaje, da ma'aikata.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.