Ba a Tsufa da Koyo



Wani dattijo cikin ikilisiyarmu ya shekara 20 yana kai saƙonni da ƙaramar mota. Da aikin ya ƙare, ga 'ya'ya a makaranta, sai ya koma tuƙin tirela. Dole ya zauna gefen sa'an ɗansa yana koyon ribas: in ya murɗa sitiyari dama, bayan tirelar ya yi hagu. Ya ce mini, “Fasto, girman kai na fara saukewa.”

Ibrahim yana da shekara 75 sa'ad da ya bar Haran (Farawa 12:4). Ɗan'uwa, in Ubangiji ya sauya maka hanya, kada kunya ta hana ka koyo. Shi zai bi da kai. Amin.