AMSOSHIN WASIƘUNKU: Me Ya Sa Jihohin Amurka Ke Rigima A Kan Zubar Da Ciki?

  

Yau wasiƙu uku muka haɗa wuri guda, don duk magana ɗaya suke tambaya. Ta farko daga wani manomi ne a ƙasar Funtuwa. Ya ce ya ji a labaran duniya wai a Amurka wata jiha ta haramta zubar da ciki, maƙwabciyarta kuma ta bari ana yi. Ya ce, shin ba shugaba ɗaya ke mulkinsu ba? Ta biyu daga wata Hajiya ce mai sayar da atamfa a Maraɗi. Ita tana so ta san ko matar da cikinta ya zo da matsala, ita ma dokar ta hau kanta. Ta uku kuwa daga wani Alhaji ne mai harkar hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano. Shi tambayarsa gajeriya ce: mu ina ruwanmu da faɗan Turawa?

To madalla, mun gode. Bari mu fara da kai Malam na Funtuwa.

Gaskiyarka, shugaba ɗaya ne. Amma ita Amurka tarayya ce ta jihohi 50, kowace da gwamnanta, da majalisar dokokinta, da kotunanta, har da tsarin mulkinta. Irin wannan tsari ne Nijeriya ta kwaikwaya a 1979, sai dai jihohinsu sun fi namu ƙarfi nesa ba kusa ba. Yawancin dokokin laifuffuka jiha ce ke yin abinta. Abin da kawai zai ɗaure mata hannu shi ne tsarin mulkin tarayya da dokokin tarayya, kuma Kotun Ƙoli mai alƙalai tara ita ke da maganar ƙarshe a kan fassararsu.

Kafin 1973 yawancin jihohin sun hana zubar da ciki, sai fa in ran uwa yana cikin haɗari. Sai wata mata a Jihar Tekzas, Norma McCorvey, ta kai ƙara. An sakaya sunanta a takardun kotu, aka kira ta Jane Roe. Wanda ta yi ƙara shi ne babban lauyan gwamnati na yankin Dalas, Henry Wade, shi ya sa ake kiran shari'ar Roe da Wade. Ran 22 ga Janairu 1973 alƙalai bakwai cikin tara suka yanke hukunci cewa jiha ba ta da ikon hana mace zubar da ciki kafin ɗan tayi ya kai munzalin da zai iya rayuwa a waje, watau wajen mako 24, kusan wata shida ke nan. Abin mamaki, ita mai ƙarar ta riga ta haife cikin tun kafin a yanke hukunci. Can a 1995 kuma sai ta koma ɓangaren masu adawa da zubar da cikin.

Daga nan ƙasa ta rabu biyu. Ɓangare ɗaya, wanda ya ƙunshi shugabannin cocin Katolika da masu wa'azin bishara da yawa, suka ce ɗan tayi rai ne, kuma hukuma ce ke da alhakin kare shi. Ɗaya ɓangaren suka ce ciki a jikin mace yake, magana ce tsakaninta da likitanta, kuma in an hana, matalauta ne za su faɗa hannun masu yi a ɓoye su mutu. A hankali jam'iyyar Rifablikan ta rungumi na farko, jam'iyyar Dimokurat ta rungumi na biyu. Abin ya yi zafi har da zubar da jini. An bindige wani likita, David Gunn, a Filorida a 1993. An kuma harbe wani, George Tiller, a cikin coci a Jihar Kansas a 2009.

A 1992 Kotun Ƙoli ta sake duba maganar. Ba ta rushe hukuncin 1973 ba, amma ta ba jihohi damar gindaya sharuɗɗa, alal misali a sa mace ta jira awa 24, ko a nemi yardar iyaye in yarinya ce ƙarama. Da wannan ƙofa jihohi da yawa suka yi ta ƙara sharuɗɗa, asibitocin da ke wannan aiki suna ta raguwa.

Masu adawa kuwa sun gane tun da wuri cewa maganin abin yana wurin alƙalai. A can shugaban ƙasa ke zaɓen alƙalin Kotun Ƙoli, Majalisar Dattawa ta amince, sa'an nan ya zauna a kujera har mutuwa ko ya yi murabus don kansa. Shugaba Donald Trump ya sami naɗa uku, a 2017 da 2018 da 2020. Ka ga kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza.

A 2018 Jihar Misisipi ta hana zubar da cikin da ya wuce mako 15, tana sane cewa za a kai ta kotu. A 2021 Tekzas ta zo da wata dabara. Ta hana daga wajen mako shida, amma ba ta ce 'yan sanda su kama kowa ba. Cewa ta yi duk wani mutum yana iya kai ƙarar likita, ko wanda ya taimaka, in ya ci shari'a a biya shi aƙalla dala dubu goma. Ran 24 ga Yuni 2022 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Misisipi, wadda ake kira Dobbs. Alƙalai biyar cikin tara suka rushe hukuncin 1973 ɗungurungum.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Kotun ba ta ce ta haramta zubar da ciki a Amurka ba. Cewa ta yi tsarin mulkin tarayya bai ba kowa wannan 'yanci ba, saboda haka magana ta koma hannun zaɓaɓɓun wakilan jama'a. Jihohi 13 dama sun rubuta dokokinsu sun ajiye, suna jiran wannan rana. Zuwa ƙarshen 2024 jihohi fiye da goma sun hana kusan baki ɗaya. Wasu kamar Jojiya da Filorida suka tsaya a mako shida. Shi kuma lissafin, daga ranar da al'adar ƙarshe ta fara ake yinsa, watau mace ta yi ɓatan wata da mako biyu kacal. Wata a lokacin ba ta ma san tana da ciki ba. Jihohi irin su Kalifoniya da Niyok kuwa sai suka ƙara ƙarfafa dokokin da suka halatta.

Tsugune dai ba ta ƙare ba, sai aka koma ga ƙuri'ar raba gardama. A watan Agusta 2022 mutanen Kansas, jihar da 'yan Rifablikan ke da ƙarfi, suka ƙi yarda a buɗe wa majalisa hanyar hanawa, da kimanin kashi 59 cikin ɗari. A 2023 mutanen Ohayo suka sa 'yancin a tsarin mulkin jiharsu. A Arizona, cikin 2024, kotun jiha ta ce wata tsohuwar dokar hani ta 1864 tana nan da ranta. Hayaniya ta tashi, majalisa ta soke ta, jama'a kuma suka zaɓi halattawa a watan Nuwamba. A Filorida kuwa, a wannan wata, kashi 57 cikin ɗari sun goyi bayan halattawa, amma dokar jihar kashi 60 take nema, sai hani ya zauna. Masu adawa kuma suka yi nasara a Nebraska da Dakota ta Kudu.

Yanzu sai tambayarki Hajiya, kuma tambaya ce mai nauyi. A rubuce, duk jihohin da suka hana sun keɓe matar da ranta ke cikin haɗari, kuma akasari likita suke hukuntawa, ba matar ba. A Tekzas likita na iya shan ɗaurin rai da rai, ga tarar aƙalla dala dubu ɗari, ga ƙwace lasisi. Matsalar ita ce, wa zai ce haɗari ya kai haɗari? Kuma magani da wankin cikin da ake wa mai ɓari, su ne dai ake amfani da su wajen zubarwa. Saboda haka wasu likitoci suka riƙa jan ƙafa, suna jiran shawarar lauya, mace na kwance tana zubar da jini.

Ga misali biyu. A 2022 an yi wa wata yarinya 'yar shekara tara fyaɗe a Ohayo, ta yi ciki, sai da aka tsallaka da ita Jihar Indiyana. A watan Disamba 2023 wata matar aure a Tekzas, wadda likitoci suka ce da wuya abin da ke cikinta ya rayu, ta nemi izinin kotu. Ƙaramar kotu ta ba ta, babbar kotun jiha ta hana, ta bar jihar. Masu goyon bayan hani suka ce ba haka doka ke nufi ba, likitoci ne ke mata mummunar fahimta. A 2025 majalisar Tekzas, da hannun jam'iyyun biyu, ta yi wa dokar ƙarin bayani a kan lokacin da likita zai ceci uwa.

Shin hanin ya rage yawan abin? Cibiyar Guttmacher mai bin diddigin lamarin ta ƙiyasta an zubar da ciki fiye da miliyan ɗaya a Amurka a 2023, kusan kashi biyu cikin uku da ƙwayoyi. Mai kuɗin mota ko jirgi tana tsallaka jiha, wata kuma a aiko mata da ƙwayoyi ta gidan waya. Wannan ya haifar da sabon rikici tsakanin jiha da jiha. A farkon 2025 Luwiziyana ta tuhumi wata likita da ke Niyok da laifin aika ƙwayoyi, gwamnar Niyok ta ce ba za ta miƙa ta ba.

To Alhaji na Dawanau, ga inda ruwanmu yake. A 1984 Shugaba Reagan ya kafa ƙa'idar cewa duk ƙungiyar wata ƙasa da ke karɓar tallafin Amurka na tsarin iyali, ba za ta yi aikin zubar da ciki ko ta yi kira gare shi ba, ko da kuwa da kuɗin wani ne. Clinton ya soke ta a 1993, Bush ya maido a 2001, Obama ya soke a 2009, Trump ya maido a 2017 har ya faɗaɗa ta ga kusan duk tallafin lafiya, Biden ya soke a 2021, Trump ya sake maidowa a 2025. Ƙungiyar da ta ƙi sa hannu ta rasa kuɗin ke nan. Su kuma irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka, sau da yawa su ne ke awon ciki da ba da maganin tazarar haihuwa a karkara. Ƙuri'ar da aka jefa a can tana iya taɓa ɗakin shan magani na ƙauye a nan.

Dokar Amurka dai ba ta aiki a ƙasarmu. A Nijeriya doka ta hana zubar da ciki sai don ceton ran uwa, kuma hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara 14. Hukuncin addini kuwa, wannan fili ba na fatawa ba ne, sai a tuntuɓi malamai. Roƙonmu ɗaya ne ga magidanta. In mai ciki ta fara zubar da jini, ko zazzaɓi ya rufe ta bayan ɓari, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada kunya ko tsoron surutun mutane su sa a kwana da ita a ɗaki. Jinyar mai ɓari ba laifi ba ce. A nemi mota a kai ta asibiti tun da sauran ƙarfinta.

Nan za mu dakata a wannan mako. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu, a rubuta suna da gari yadda za su karantu. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuriya. Sai wani makon in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.