Bakin Busa da Maɗaurinsa: Darasin Algaita ga Masu Koya wa Yara Kilarinet da Saksafon



Abin da wannan lacca za ta yi magana a kansa ƙarami ne a ido, domin duka-dukansa bai wuce a rufe shi a tafin hannu ba. Abubuwa uku ne da ke can saman kilarinet da saksafon, watau kayan busar nan na Turawa da ake gani a hannun 'yan badujalar soja da ta 'yan sanda. Na farko shi ne bakin busa, wanda mabushi yake sa wa a bakinsa. Na biyu shi ne ɗan siririn kara da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin bakin, wanda za a riƙa kira harshe a nan. Na uku shi ne maɗauri, wanda yake riƙe harshen a jikin bakin. Manufar laccar ita ce ta nuna cewa a waɗannan abubuwa uku ne ake gane ko yaro zai ɗore a kan koyon busa ko zai yar da ita, kuma mabusan algaita na ƙasar Hausa sun daɗe da sanin haka a aikace.

Algaita a ƙasar Hausa

Busa tsohuwar aba ce a fadojin Hausa. Tarihin sarakunan Kano ya lissafa kakaki a cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya fara. Ita kuwa algaita sunanta ma ya nuna hanyar da ta biyo, domin daga Larabcin Afirka ta Arewa ya fito, inda har yanzu ake busa 'yar'uwarta da ake kira gaita. Shugabannin jihadin 1804 sun taƙaita kiɗe-kiɗen sarakunan da suka tarar, amma daga baya tambari da kakaki da algaita sun sake zama alamun sarauta a daular Sakkwato. Saboda haka yaron da ya tashi a kudancin Jihar Sakkwato, ko a Jabo ta Sarkin Burmi, ko a Tambuwal inda Buhari ɗan Shehu ya zauna, ko a Kebbe, ba baƙon muryar algaita ba ne. Ya san ta a hawan salla da ranar naɗin sarauta.

Idan aka kwance algaita za a ga gangar jiki ta itace wadda aka rufe da fata, mai faɗin gindi, galibi da huji huɗu na yatsu. A samanta akwai siririn bututun ƙarfe, da wani ɗan faifai da ya kewaye bututun, sa'an nan a can ƙarshe ɗan guntun kara da aka matse bakinsa ya zama leɓe biyu. Mabushi yana cusa karan gaba ɗaya cikin bakinsa, leɓunansa su jingina da faifan. Ya kan cika kumatunsa da iska, ya riƙa tura ta da kumatun a daidai lokacin da yake shaƙar wata ta hanci, don haka sautin ba ya yankewa. Abin lura a nan shi ne, duk girman algaita, ɗan karan nan ne kaɗai yake kaɗawa ya haifar da sauti. Gangar jiki tana gyara muryar ne kawai, ta ɗaga ta ko ta sauke ta. In aka zare karan, abin da ya rage itace ne da fata.

Daɗin daɗawa, mabushin algaita ba ya sayen karansa a kanti. Shi ne yake yanka shi, ya fere, ya jiƙa, ya gwada, in bai yi masa ba ya jefar ya ɗauki wani. Da yake sana'ar ta gado ce a mafi yawan gidaje, wanda yake koya wa yaro shi ne mai iya fere kara, kuma yana zaune kusa da shi yana jin abin da ke fita. Watau kara ne ake daidaitawa da bakin mai busa. Wannan ita ce ƙa'idar da ta kan ɓace idan kayan busa suka iso cikin akwati daga ƙasashen waje.

Kilarinet da saksafon

Ana danganta ƙirƙirar kilarinet ga Johann Christoph Denner, wani maƙerin kayan busa na birnin Nuremberg a Jamus, wajen shekarar 1700. Saksafon kuwa Adolphe Sax ne, mutumin Beljiyam, ya yi rajistarsa a Faris a 1846. A Nijeriya badujalar soja da ta 'yan sanda da makaɗan rawar birni su ne suka yaɗa su, kuma Fela Anikulapo-Kuti, wanda ya rasu a 1997, ya sa duniya ta san saksafon a hannun ɗan Nijeriya. Bambancinsu da algaita shi ne harshensu ɗaya ne, ba leɓe biyu ba. Ana fere shi daga wani kara mai kama da ƙaramar gora, wanda masana tsirrai suke kira Arundo donax, kuma mafi shahararsa a yankin Var na kudancin Faransa ake nomawa. Harshen yana kwance a kan bakin busa, amma a can tsini akwai 'yar tazara tsakaninsu. Idan iska ta bi ta wannan tazara, sai harshen ya shiga buɗewa da rufewa sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan kaɗawa ita ce sautin.

Zaɓen baki

Babban abin da ya bambanta wani baki da wani shi ne faɗin wannan tazara. A kilarinet ba ta fi milimita ɗaya da ɗan ɗoriya ba, a saksafon ƙarami mai suna alto kuwa ta kan fara daga wajen milimita ɗaya da rabi. Baki mai faɗin tazara yana ba da murya mai kauri da ƙarfi, shi ya sa manyan makaɗa da yawa suke son sa, amma yana cin iska, yana kuma bukatar leɓen da ya ƙware. Yaro ɗan shekara goma ba shi da wannan numfashi. In aka ba shi irin wannan baki sai ya koma cizo don ya rage tazarar da haƙoransa, leɓensa na ƙasa ya yi ciwo, murya ta riƙa tsiwa. Bayan 'yan makonni sai a ce yaron ba shi da baiwa, alhali kuwa kaya aka ɗora masa wanda ya fi ƙarfinsa.

Abin da ya dace da mai koyo shi ne baki mai matsakaiciyar tazara, ko wadda ta ɗan fi matsewa. Alal misali, malaman busa a ƙasashe da dama su kan fara yara da bakin Yamaha mai lamba 4C, wanda akwai na kilarinet akwai na saksafon, kuma ba shi da tsada. Idan yaro ya yi shekara biyu ko uku yana busa, ana iya matsawa zuwa na baƙar roba mai tauri, irin Vandoren 5RV ko B45 a kilarinet, ko Selmer S80 a saksafon. Bakin ƙarfe mai walƙiya da ake gani wurin mabusan saksafon na dandali a bar wa manya. Har wa yau, a duba tsinin bakin da gefunansa biyu da kyau kafin a saya. Ɓantarewar da ba ta kai ƙwayar gero ba ta isa ta hana harshe zama daidai, kuma wannan aibi ya fi yawa a bakunan da su kan zo tare da kaya masu araha. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Zaɓen harshe

Masu yin harsuna suna sa musu lamba daga 1 zuwa 5, mai ƙaramar lamba shi ne mai taushi. Mai koyo ya kan fara da 2, ko 1 da rabi in ƙarami ne ƙwarai, sa'an nan ya hau zuwa 2 da rabi idan leɓensa ya yi ƙarfi. Ƙa'idar ita ce baki mai faɗin tazara yana tafiya da harshe mai taushi, matsattsen baki kuma da mai ɗan tauri. Lambar nan ba aji ba ce da za a yi gasar hawa, kuma lambobin kamfanoni ba su zama ɗaya ba: 2 na Vandoren ya kan yi kusa da 2 da rabi na Rico. Kunne ne alƙali. In murya tana fita da huci, yaro yana ja da ƙyar har jijiyar wuyansa ta tashi, harshen ya yi tauri. In kuwa tana toshewa da zarar ya ƙara iska, ko tana faɗuwa a sautuka na sama, ya yi taushi.

Yanayin wannan yanki yana da tasa magana. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busar da kara har ya kantare ko ya tsage, a bazara kuma zafi ya kan haura digiri 40. Don haka a jiƙa harshe minti ɗaya ko biyu kafin busa, a goge shi bayan an gama, a ajiye shi a shimfiɗe cikin gidansa, kuma kowane yaro ya riƙa juya uku ko huɗu maimakon ya maƙale wa guda. Akwai harsunan roba, irin na kamfanin Légère na Kanada, waɗanda hunturu ba ya taɓa su. Sun fi tsada a saye ɗaya, amma suna daɗewa, kuma wannan abin dubawa ne ga makarantar da ke Tambuwal, wadda tsakaninta da birnin Sakkwato ma wajen kilomita 100 ne. Saboda wannan dalili na yanayi kuma, kilarinet na roba ya fi dacewa da ɗalibi a nan bisa na baƙin itacen Tanzaniya da Mozambik, wanda bushewar iska ta kan tsaga.

Zaɓen maɗauri

Tun asali da zare ake naɗe harshe a jikin baki, kuma har yau mabusan kilarinet da yawa a Jamus haka suke yi. A farkon ƙarni na 19 ne Iwan Müller ya kawo maɗaurin ƙarfe mai ƙusoshin murɗawa, daga baya aka sami na fata da na ƙyalle. Ƙwararru suna jayayya a kan yadda maɗauri yake sauya murya, amma wannan jayayya ba ta shafi mai koyo ba. Aikin maɗauri a wurinsa guda ne, watau ya riƙe gindin harshe daram a kan baki, ya bar tsininsa ya yi rawa. Maɗauri mai sauƙin kuɗi ya wadatar matuƙar girmansa ya dace da bakin, bai lanƙwashe ba, kuma ƙusoshinsa suna juyawa. Na ƙyalle mai ƙusa ɗaya yana da wata fa'ida ga yara, domin in ya faɗi ko aka taka shi ba ya lotsewa. A koya wa yaro ya fara zura maɗauri sa'an nan ya sa harshe ta ƙarƙashinsa, don kada ƙarfen ya ɓantare tsinin, kuma ya murɗa har ya ji ya kama, ya tsaya. Ɗaurin da ya yi yawa yana shaƙe harshe, sako-sako kuma yana barin iska ta zurare.

Abin da ya rataya a kan hukuma da ɗalibai

Ga jami'in da za a ɗora wa sayen kayan busa na makaranta ko na wata ƙungiyar matasa, ga inda lissafi ya kan karkace. Ido ya kan tafi kan gangar jiki mai ƙyalli, a kashe kuɗin duka a kanta, a manta cewa harshe abin ƙarewa ne kamar alli. Ran da harsunan da suka zo cikin akwati suka tsage, sai kayan dubban nairori su koma sito suna shan ƙura. Ya kamata tun a kasafin farko a ware rabon harsuna na shekara guda, da maɗaurai na ko-ta-kwana, da baki ɗaya ga kowane yaro. Gangar jiki ana iya karɓa-karɓa da ita, amma baki ba a haɗa shi, saboda cututtukan da ke bin miyau. A wanke shi da ruwan sanyi da sabulu, domin ruwan zafi yana ɓata baƙar roba. Sa'an nan kada a fara yaro sai haƙoransa na gaba na girma sun fito sun zauna, tun da a kansu bakin yake jingina.

Ga ɗaliban Hausa kuma akwai aiki na dabam. Littafin David Ames da Anthony King na 1971, wanda ya tattara kalmomin kiɗan Hausa, a kan binciken da suka yi a Zazzau da Katsina aka gina shi. Harshen kilarinet yana da lamba a rubuce a jikin kwali, amma awon karan algaita yana cikin yatsun mai fere shi, kuma in ya rasu bai koya wa kowa ba, da shi za a binne. Ɗalibin da ya fito daga Jabo ko Kebbe yana iya amfani da hutu ɗaya ya zauna da mabusan garinsu, ya rubuta sunan kowane sashe na algaita da Sakkwatanci, da irin karan da suke yanka, da lokacin yankansa, da yadda suke fara ɗora yaro a kan busa. Malamin da zai koyar da kilarinet a wannan yanki gobe zai amfana da wannan rubutu, domin yaron da za a kawo masa da muryar algaita ya buɗe kunne.